ZIYARAR GIDAJEN MARIGAYI ALHAJI SA ABUBAKAR TAFAWA ƁALEWA

Jawabin da wani ɗan ajin 1979 ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai





Da sakataren ƙungiya ya aiko mini cewa ni zan yi jawabin bana, sai da na tambaye shi ko bai yi ɓatan kai ba ne. Duk wanda muka zauna aji ɗaya da shi ya san ba a taɓa kirana gaban asambile don karɓar kyauta ba, sai dai don wani abu dabam wanda ba sai na faɗa a gaban yara ba. Ga shi kuma malaminmu na tarihi yana zaune a sahun gaba, yana dubana ta saman tabarau kamar yadda ya saba. Ranka ya daɗe, in na yi kuskure a gyara mini bayan taro, a rufa mini asiri a gaban jikoki.

Abin da zan yi magana a kai shi ne wata ziyara da mu uku 'yan aji ɗaya muka yi cikin 2023, zuwa wuraren da Firayim Ministan Nijeriya na farko, kuma na ƙarshe, Marigayi Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya zauna a rayuwarsa. Ba a ɗauki ɗaya muka yi tafiyar ba, don ƙafa da aljihu ba za su yarda ba. Kashi uku muka raba ta. Amma zan jera muku wuraren bisa yadda shi marigayin ya bi su, ba bisa yadda mu muka bi ba.

Dalilin tafiyar

Wata rana jikana, ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, ya tsinci takardar naira biyar a cikin wani tsohon littafina. Ya juya ta, ya sake juyawa, sa'an nan ya ce, "Alhaji, wane ne wannan mai rawanin?" Na ce ya karanta sunan da ke ƙasa. Ya karanta. Na ce to, wane ne shi? Ya yi shiru, can sai ya ce, "Mai jami'ar Bauci ne."

Na so in yi masa faɗa, sai na tuna ba laifinsa ba ne. An yi shekaru sama da goma ba a koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare ta ƙasar nan, kafin a dawo da shi. Ita kuwa naira biyar, yau ko alewa da ƙyar take saye, balle yaro ya tsaya duban hoton da ke jikinta. Mu kuwa 'yan ajin 1979 muna da tarihi da wannan takarda. A shekarar da muka bar makarantar nan aka fito da ita da hoton marigayin, kuma wanda ya riƙe ta a lokacin, ya riƙe kuɗi.

Da na zauna zan ba yaron labari, sai na tarar abin da na sani bai wuce abin da muka haddace don jarrabawa ba: an haife shi 1912, ya zama Firayim Minista 1957, an kashe shi 1966. Wato ni da jikana duk jirgi ɗaya ya kwaso mu, ni dai na fi shi lambobi uku. Shi ne na tuntuɓi monitan ajinmu da abokin kwanana na ɗaki, na ce tun da Allah ya sa mun yi ritaya da sauran ƙarfi, mu je mu gani da idonmu. Gani ya kori ji.

Garin Tafawa Ɓalewa

Garin yana kudu da Bauci, tafiyar kimanin kilomita 80, ana bi ta Dass, cikin ƙasa mai duwatsu. Masana sun ce sunan garin ma daga Fillanci ya samo asali, ma'anarsa baƙin dutse. A nan Abubakar ya yi ƙuruciya, a nan kuma ya fara karatun allo da na elementare. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, ba sarki ba ne, ba hakimi ba ne, yaron gidan hakimin ƙasar Lere ne. Mahaifiyarsa sunanta Fatima, ana ce mata Inna.

Ku lura da wannan, domin a nan tarihin ya fara. A zamanin da sarauta ce tsanin kome a ƙasar Arewa, ɗan bara ya tashi ya shugabanci ƙasa baki ɗaya. Ba da gadon gida ya hau ba, da makaranta ya hau. Ko sunan da duniya ta san shi da shi, makaranta ce ta ba shi. Kun san al'adar makarantun da: in an tara Abubakar biyar a aji, sai a bambanta su da sunan garuruwansu. Haka aka sami Aminu Kano, da Isa Kaita, da Shehu Shagari. A cikin ɗakin nan ma akwai waɗanda har yau ba mu san sunan mahaifinsu ba, sai sunan ƙauyensu.

Mun zaga garin, mun gaisa da dattawa, mun ga yara suna tafiya makaranta da jakar leda, wasu ba takalmi. Monitanmu ya ce, "Kun ga, da a 1922 muka zo, da haka za mu gan shi, kuma ba wanda zai waiwaye shi." Wani abu kuma ya tsaya mini a rai. Wannan gari mai ɗauke da sunan mutumin da ya ƙare ransa wajen neman haɗin kan ƙasa, shi kansa ya sha rikici tsakanin mazaunansa, musamman a 1991 da 2011, an yi asarar rayuka da gidaje. Ba na nan don in ɗora wa kowa laifi. Abin da na koya shi ne, suna kawai ba ya tsare gari, sai in mutanen garin sun riƙe halin mai sunan.

Tsohuwar Kwalejin Katsina

Daga elementare aka kai shi makarantar lardi a Bauci, daga can kuma a 1928 aka zaɓe shi zuwa Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, inda ya zauna har 1933. Lambarsa ta shiga makaranta 145. Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, yana gabansa da shekara biyu, da lamba 87. Wannan kwaleji ita ce Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922. Ita ce ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau.

Ginin na asali yana nan cikin birnin Katsina, an mai da shi gidan tarihi na ƙasa. Jama'a, ginin ƙasa ne. Tubali ne da azara, irin aikin maginan Hausa, bango mai kauri, in ka shiga da rana tsaka sai ka ji sanyi kamar ka shiga randa. Muka tsaya a ɗakunan karatu muna duban ƙanƙantarsu. Abokin kwanana, wanda ya yi aikin injiniya shekara talatin da biyar, ya dafa bangon ya ce, "Wannan ginin ya haura shekara ɗari, ni kuwa na ga ginin siminti da bai kai ashirin ba ya tsage."

A cikin waɗannan ɗakuna aka koya wa Abubakar Turancin da daga baya ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Malaman kwalejin sun matsa ƙwarai a kan lafazi da tsabta da kiyaye lokaci. Ba lantarki, ba fanka, ba kwamfuta. Akwai malami, akwai littafi, akwai yaro mai son karatu. A nan kuma ya sadu da samarin da za su riƙe Arewa tare da shi, daga Sakkwato, daga Barno, daga Ilori, daga Adamawa. Irin wannan zumunci ne ya tara mu yau, saboda haka ba sai na yi muku bayaninsa ba.

Kada kuma mu manta, a shekarar da ya gama kwaleji, wato 1933, Hukumar Fassara ta Zariya a ƙarƙashin Rupert East ta sa gasar rubuta littattafan hira da Hausa. Matashin malami ɗan shekara ashirin da ɗaya ya shiga da littafinsa Shaihu Umar, aka buga shi a 1934, tare da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Mu nan mun karanta shi a aji uku, malamin Hausa yana tsaye a kanmu. Labari ne na bauta da rabuwar uwa da ɗa. Sai da na tsaya a garinsu na ga inda ya fito, na gane ba daga sama ya tsinci tausayin marar galihu ba.

Malamin Midil ta Bauci

Daga Katsina ya koma Bauci ya kama koyarwa a Midil, har ya zama hedimasta. Wannan shi ne abin da nake so iyayenmu malamai su ji da kyau: fiye da shekara goma na farkon aikinsa, alli ne a hannunsa. A Bauci ya zauna da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, wanda shi ma ya koyar a Midil ɗin. A 1943 suka shiga wani zauren tattaunawa da aka kafa a garin, inda 'yan boko ke zama suna muhawara a kan mulkin En'e da makomar ƙasa, har abin ya fara damun hukuma. Ra'ayinsu bai zo ɗaya ba. Zungur da Aminu masu zafi ne, shi kuwa mai bi sannu ne. Daga baya siyasa ta raba su, shi yana NPC, su suna NEPU, amma hakan bai sa sun daina ganin girman juna ba.

A 1945 aka tura shi Ingila ƙaro ilmin koyarwa a Jami'ar Landan na shekara ɗaya. Da ya dawo aka zaɓe shi Majalisar Arewa, daga nan zuwa Majalisar Dokoki ta Ikko a 1947. Masu cewa shi mutum ne mai sanyi, da ba ya iya ja da manya, su tuna da watan Agusta na 1950. A lokacin ne ya miƙe a Majalisar Arewa a Kaduna ya kawo batun a yi wa mulkin En'e gyaran fuska, a rage ikon da ke hannun mutum ɗaya, a ba talaka bakin magana. Ɗan bara ne ke faɗin haka, a zamanin da sarki ke da kotu da kurkuku da 'yan doka. Da ƙyar batun ya wuce, amma ya wuce, kuma daga nan aka fara gyare-gyaren da suka biyo baya.

Gidan Ikko

A 1952 ya zama Ministan Ayyuka, daga baya Ministan Sufuri, sa'an nan a 1957 ya zama Firayim Minista. Gidan da gwamnati ta ba shi yana unguwar Onikan, a tsibirin Ikko, kusa da filin sukuwa. Filin nan shi ne yau ake kira Dandalin Tafawa Ɓalewa. A nan muka tsaya, mu uku da furfurarmu, motoci suna ta yi mana oda.

A wannan fili ne, daren 30 ga Satumba wayewar 1 ga Oktoba 1960, aka sauke tutar Ingila aka ɗaga kore da fari. Gimbiya Alexandra ce ta wakilci Sarauniya, ita ta miƙa masa takardun mulkin kai. Bayan kwana shida, ran 7 ga Oktoba, yana New York yana jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya, ranar da aka karɓi Nijeriya a matsayin ƙasa ta 99. A zamaninsa Nijeriya ta aika soja Kwango don kwantar da tarzoma. A farkon 1961 ta kori jakadan Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya da Faransa ke yi a cikin Sahara. A shekarar nan kuma yana cikin shugabannin da suka tsaya kai da fata a kan wariyar launin fata, har Afirka ta Kudu ta fice daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. A 1963 yana Addis Ababa aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. A cikin gida, a zamaninsa aka ja hanyar jirgin ƙasa ta bi ta Bauci da Gwambe har Maiduguri, aka fara madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama gadar Kwara ta Anaca a ƙarshen 1965.

To, amma malaminmu na tarihi ya koya mana cewa wanda ya faɗi rabin labari ya yi ƙarya. Mutum tara yake, bai cika goma ba. A zamaninsa aka sa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma a 1962. A zamaninsa aka yi rigimar ƙidayar 1962 da 1963, da zaɓen tarayya na 1964 wanda wasu jam'iyyu suka ƙaurace wa, da zaɓen Yamma na 1965 wanda ya jawo ƙone-ƙone da kashe-kashe. Akwai masu ganin ya yi jinkirin ɗaukar mataki, akwai masu ganin haƙurinsa ya yi yawa da abokan tafiyar da ba su da irin tsabtar hannunsa. Waɗannan maganganu ne da ya kamata ɗalibi ya ji, ya auna da kansa. Girmama mutum ba ya hana a duba inda ya yi tuntuɓe.

A cikin watan Janairu 1966 ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashe renon Ingila a Ikko, don tattauna batun Rodeshiya. Baƙi ba su daɗe da watsewa ba, daren 15 ga wata, cikin azumi, sojoji suka shiga gidan nan na Onikan suka tafi da shi. A daren ne kuma aka kashe Sardauna a Kaduna, da Cif Akintola a Badun, aka ɗauke Ministan Kuɗi Cif Okotie-Eboh, aka kashe manyan hafsoshin soja. Sai bayan kusan mako guda aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Ikko zuwa Abekuta. Yana da shekara 53. Mu 'yan ajinmu muna da shekara biyar ko shida a lokacin. Ni abin da nake tunawa kawai shi ne mahaifina zaune a zaure da rediyo a gabansa, an yi kiran salla, an kawo kunu, bai taɓa ba.

Abin lura game da gidan Ikko shi ne, ba nasa ba ne. Aro ne. Ya shiga da akwatinsa, kuma da ya yi tsawon rai da akwatinsa zai fita. Ita kanta Ikko aro aka ba ta, don a Disamba 1991 hedikwatar ƙasa ta koma Abuja.

Gidansa na Bauci

Gidan da yake nasa na kansa yana cikin garin Bauci. Gidan iyali ne, saboda haka ba mu kutsa ba, mun tsaya daga waje mun yi addu'a mun wuce. Amma abin da ido ya gani ya isa. Gida ne irin na malamin makaranta mai rufin asiri, cikin unguwa, tsakanin maƙwabta. Wanda bai sani ba zai wuce bai waiwaya ba.

Jama'a, mutumin nan ya riƙe ma'aikatar ayyuka, ya riƙe ta sufuri, inda manyan kwangiloli suke. Ya yi shekara takwas da 'yan watanni yana Firayim Minista, a daidai lokacin da aka fara fitar da man fetur. Abokan hamayyarsa sun zarge shi da abubuwa da dama, amma ba su zarge shi da cin dukiyar jama'a ba. Da yawanku kun ga hoton nan da ya shahara, yana hutu a gonarsa, yana zaune a ƙasa tare da 'ya'yansa suna shan rake. In ya sami hutu Bauci yake nufa, ba Landan ba.

A mota, kan hanyarmu ta komawa masauki, ba wanda ya yi magana. Can sai abokin kwanana ya ce, "Ni mataimakin darakta kawai na kai, amma katangar gidana ta fi ta Firayim Minista tsawo." Muka yi dariya, amma ba dariyar daɗi ba ce. A ɗakin nan akwai waɗanda suka riƙe baitulmali, akwai alƙalai, akwai 'yan kasuwa, akwai shugabannin ƙananan hukumomi. Ba na nuna kowa da yatsa, don in na nuna, sauran yatsun ni suke kallo. Tambaya ce kawai na ɗauko daga ƙofar gidan nan: in wata rana jikokinmu suka tsaya a ƙofar gidajenmu, me ginin zai gaya musu game da albashinmu?

Gidan gaskiya

Wuri na ƙarshe shi ne kabarinsa, nan cikin Bauci. An fara ginin da ke kewaye da shi a 1977, aka buɗe a 1979. Wanda ya tsara ginin ya sa shi ya ba da labari. Za ka shiga ta wani lungu mai duhu, mai kaushi, har sai ka riƙa lalube. Mai yi mana jagora ya ce wannan duhu shi ne zamanin mulkin mallaka. Kana tafiya kana hawa, haske yana ɗan ɓullowa, har ka fito sarari. A sararin nan kabarin yake, ba rufi a kansa, sai sama. Bangon da ya kewaye shi an yi masa ado da launi iri-iri, alamar kabilun Nijeriya. Shi kuwa kabarin, ba wani ƙawa a jikinsa.

Muka yi sallama irin wadda aka koya mana in an shiga maƙabarta, muka roƙa masa gafara, muka roƙa wa iyayenmu da malamanmu da 'yan ajinmu da suka riga mu. A gefe akwai ɗakin da aka adana wasu kayansa, da hotuna, da muryarsa. Suka sa mana jawabinsa muka saurara. Ranku ya daɗe, ban taɓa jin Turanci mai natsuwa irin wannan ba, kowace kalma da wurin zamanta. Na ce a raina, lalle aikin malaman Katsina bai faɗi ƙasa banza ba.

A fitowarmu muka ci karo da 'yan makaranta cike da mota, malamarsu tana ta jera su. Wata yarinya ta tambayi mai jagora, "Ina sauran kayan nasa?" Ita tana tsammanin za a nuna mata motoci da gwal. Da muka koma gida na ɗauki jikana na komo da shi Bauci a hutun ƙarshen shekara. Yanzu in aka tambaye shi mai rawanin nan, sai an ce masa ya isa.

Abin da ya shafe mu

To, me ya kawo wannan dogon labari a taron tsofaffin ɗalibai? Zan faɗa, amma bari in fara da tona asirin kaina. Zauren nan da na ce mahaifina ya zauna da rediyo a 1966, ni da hannuna na sa aka rushe shi bayan rasuwarsa, na gina shaguna huɗu. Ina karɓar haya, ba na musu. Amma yau in jikana ya ce in nuna masa inda kakansa ke zama yana karantar da almajirai, sai dai in nuna masa shagon mai cajin waya. Ba wanda ya tilasta mini. Gani na yi ginin ƙasa ne, ya tsufa. Da na dafa bangon Kwalejin Katsina, zauren nan na tuna.

Na ji ana shawara a ƙungiyar nan, kuma na ga takardar, cewa kuɗin da muka tara a yi amfani da su a rushe tsohon jerin azuzuwan nan na farko, waɗanda ke bayan ofishin firinsifal, a gina babban ɗakin taro a wurin, a sa sunan ƙungiya. Masu wannan shawara 'yan'uwana ne, kuma alheri suke nufi. Gaskiya ne rufin yana yoyo, gaskiya ne bango ya tsage, gaskiya ne kuma makaranta tana bukatar ɗakin taro. Amma fili bai ƙare ba a makarantar nan. Abin da in ya tafi ba ya dawowa shi ne ɗakin da aka fara kiran suna a cikinsa ranar da aka buɗe makaranta. Da mutanen Katsina sun yi irin lissafin da na yi wa zauren mahaifina, da ba mu sami bangon da za mu dafa ba.

Wani zai ce, ai mu ba mu fitar da Firayim Minista ba. To, a 1928 ma ba wanda ya san lamba 145 za ta zama wani abu. Wa ya san abin da ke zaune a sahun baya can?

Saboda haka ina roƙon taron nan abu huɗu. Na farko, a gyara tsohon jerin azuzuwan maimakon a rushe, abokin kwanana ya yi alkawarin duba ginin da tsara aikin kyauta, ga shi nan, ya ɗaga hannu ku gan shi. Na biyu, a ware aji ɗaya a mai da shi ɗakin tarihin makaranta. Jiya na roƙa aka nuna mini littafin rajista na farko, na tarar gara ta fara cin gefensa. Wannan ba laifin hukumar makaranta ba ne, su da ke fama da alli da kujeru. Laifinmu ne, mu da sunayenmu ke ciki. A ɗauki hoton kowane shafi, a sa shi a kwamfuta, a kuma saya wa littafin akwatin ƙarfe. Duk mai tsohon hoto, ko kati na sakamako, ko bajo, ya kawo. Na uku, a sa matasan cikinmu su bi iyayenmu malamai gida-gida, a ɗauki muryarsu da waya, su ba da labarin yadda aka fara. Bara malamai bakwai suka zauna a sahun nan, bana biyar nake gani. Na huɗu, kowace shekara ƙungiya ta ɗauki nauyin mota ɗaya, ta kai 'yan ajin ƙarshe ziyara Bauci, ko Katsina, ko Gidan Arewa a Kaduna inda Sardauna ya zauna, ko Gidan Mambayya na Malam Aminu a Kano. Kuɗin bai kai na abincin da za mu ci yau ba. Ni na ɗauki man motar shekarar farko, daga hayar shagunan nan huɗu, ko Allah ya sa ya zama kaffara.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In taro ya amince, ina roƙon shugaba ya naɗa kwamiti yau, kafin a tashi, don mun san halinmu: abin da aka ce sai taro na gaba, sai taro na gaban gaba.

Iyayenmu malamai, mutumin da na yi ta ba da labarinsa ɗayanku ne. Kafin a ce masa Sa, Malam ake ce masa. Abin da kuka shuka a cikinmu, in an ga alheri naku ne, in an ga akasin haka taurin kanmu ne. Ku yafe mana.

Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya gafarta masa kurakuransa. Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka rasu. Allah ya ɗaukaka wannan makaranta, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa mu cika da kyau da imani.